Ilu da Duron da Bai Gangara Ba

Mijin yayata, Ilu masassaƙi, Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne muddin bakinsa na rufe. Bai taɓa ɗaga wa mace hannu ba, rumbunsa bai taɓa kwana ba hatsi ba, kuma turmin da ya sassaƙa mini lokacin da aka kai ni ɗakin miji a Kurfi ya ga jikokina bai tsage ba. Duk Dutsin-Ma ba wanda ya kai shi iya riƙe gizago. Cutarsa ɗaya ce, gardama. In ka ce masa rana ta yi zafi, sai ya ɗaga kai ya dube ta ya ce ai wannan ba zafi ba ne, ba ka ga ta bara ba. In ka yarda da shi don a zauna lafiya, sai ya koma ɓangaren da ka baro ya fara sabuwa.

Da a nan abin ya tsaya, da ban damu ba, maza da yawa haka suke. To amma Ilu in gardama ta yi masa zafi ba ya rantsuwa kamar sauran mutane. Da auren yayata Rahmatu yake rantsewa. Ni kuwa, Hassana, ni ce ƙanwarta tilo, iyayenmu sun rasu, saboda haka duk ranar da bakin Ilu ya kwance igiya, ɗakina ake sauka.

Igiya ta farko ta tafi ne tun Turawa na nan. Suna zaune a bakin kasuwa shi da Sodangi, taubashinsa, wani maƙeri ɗan Makera da ke yanka duro yana yin ƙyaure da kasko. Sai suka hango raƙumi tafe daga nesa. Ilu ya ce raƙumar can ciki gare ta. Sodangi ya ce ƙoshi ne. Ilu ya ce in ba ciki ba ne matarsa ta saku. Da dabbar ta ƙaraso sai ga shi namiji ne ƙato, har da kumfa a baki. Yaya ta yi wajen wata guda a wurina kafin ya zo biko da goro, yana ta bayanin wai raƙumin ne ya yi tafiya irin ta mata.

Ta biyu hadari ne ya ɗauke ta. Ya taso daga gabas baƙi ƙirin, Ilu ya rantse kafin la'asar sai ya zuba a Dutsin-Ma. Hadarin ya bi ta kan garin bai sauke ko ɗigo ba, ya zo ya juye kaf a Kurfi, har katangar bayan gidanmu ta zube. Washegari ina kwasar laka sai ga Yaya da ƙunshinta a ka. Ban ko tambaye ta ba, na ce ta ajiye ta kama mini.

Kada a ce Ilu ba ya sonta. Wallahi yana sonta, so irin wanda har kunya yake ba mutane. Duk sakin nan biyu ramewa ya yi kamar mai jinya. Ita ma tana sonsa, abin da ke ba ni haushi ke nan. Da ya mayar da ita karo na biyu, limamin unguwarsu, Malam Labaran, ya zaunar da shi ya ce masa igiya ɗaya ta rage, in ta tafi ba biko ba kome, sai ta auri wani. Ilu ya yi kuka, ya yi alkawari, kuma ya riƙe bakinsa shekaru masu dama, har Turawa suka tattara suka tafi. Mun ɗauka ya warke.

A bayan unguwarsu akwai wani falalen dutse mai santsi da ya gangaro a hankali har bakin hanya. Mata kan shanya tsaba a gefensa. Ilu a bayan dutsen yake saro itace, kuma don ya huta da dako sai ya mirgino kayansa ta kan falalen. Turmi ba ya mirginuwa da arziki, sai ya karkace ya bi gefe. Amma gungume da jikin ganga, wanda yake rarakewa ya sayar wa makaɗa, tiryan suke gangarowa. Shekara da shekaru yana ganin abu ɗaya: in ya saki gungumen da bai taɓa ba tare da jikin gangar da ya rarake, gungumen ne ke riga sauka. Daga nan Ilu ya yanke hukunci cewa nauyi shi ne gudu, kuma wannan ilimin ya fi ƙaunarsa a kan duk abin da ya sani.

Ran nan a kasuwa, a rumfar Sodangi, maganar ta taso. Ilu na cikin koyar da mutane karatun nauyi, Sodangi ya ce shi dai yana mirgina duro fanko kullum, kuma bai taɓa ganin malalaci irinsa ba. Ya nuna wani ƙaton duron ƙarfe da ya yanke wa kai da gindi, wanda sai da ƙyar mutum ɗaya ke ɗagawa. Ya kuma nuna wani guntun gungume da yake zama a kai, wanda ko tsohuwa za ta ɗauka a hammata.

"Bawana," in ji Sodangi, don haka suke kiran juna, "guntun ga da nike zaune bisa, sai ya riga duron ga sauka, ya sha ruwa ya jira shi."

"Kai dai ƙira ta ƙone maka ƙwaƙwalwa," in ji Ilu. "Ƙarhe ne hwa! Ka ɗaga ka ji."

"Na ɗaga, na ji. Holoƙo ne."

Mutane suka fara taruwa, ana ta zuga. Wani ya ce Ilu ya tsorata. Shi ke nan, jijiyar wuyansa ta tashi, ya miƙe tsaye ya ce, kowa na ji, in aka saki duron nan da guntun nan tare daga kan falale, duron bai riga sauka ba, to Rahmatu ta saku. Waɗanda ke wurin sun ce yana rufe baki ya kai hannu ya toshe shi, amma magana ta riga ta fita. Aka sa ranar kasuwa mai zuwa.

Labari ya iske ni a Kurfi ta bakin masu kai daddawa. Ban tsaya neman bayani ba, na hau motar gyaɗa na nufi Dutsin-Ma, ina tsara zagin da zan yi wa Ilu tun daga hanya. Na shiga gidan da hantsi, na tarar da abin da ban zata ba. Yaya ta ciro ƙyauren ɗakinta na katako, ta jingina kansa a kan turmi, ta tara tarkace a gabanta: munduwarta ta tagulla, zobe, gwangwanin madara da aka cire wa kai da gindi, guntun rake, lemun tsami, da dunƙulen fura.

Na ce, "Yaya, aurenki na rawa kina wasan 'yan yara?"

"Zauna ki riƙe man ƙyauren ga," ta ce. "So nike in san ko in ɗaure kaya ko in jiƙa gero."

Muka fara saki bibbiyu. Munduwa da rake, rake ya riga. Gwangwani da rake, rake ya riga. Rake da lemo, lemo ya riga, amma da kaɗan. Munduwar nan mai nauyi, wadda in ta faɗo maka a yatsa sai ka yi salati, ita ce kullum a baya, tana tafe tana yanga. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da muka sake ta tare da ɗan zoben da bai kai ƙwayar gyaɗa nauyi ba, kusan tare suka sauka. Muka kawo guntun taɓarya muka haɗa da guntun rake, su ma tare. Muka sauya gefe, muka ƙara wa ƙyauren tsayi, muka rage. Ba abin da ya canza. Mai dunƙule ne gaba, mai cikakken ciki na bin sa, mai rami a tsakiya na ƙarshe, babba ne ko ƙarami. Furar ce kawai ta ba mu matsala, don tana sauka kaza ta yi gaba da ita.

Yaya ta yi ta juya munduwar a hannu. Can ta ce in tashi in ɗora tulu a ka in juya. Na juya ba wuya. Ta ce to in riƙe guga biyu da ruwa, in miƙe hannuwa, in juya. Na yi, sai da na yi nishi kafin jikina ya yarda ya zagayo.

"Kin gani?" ta ce. "Abin da nauyinshi ke baki-baki, juyawa wuya take mishi. Gangaren ga ƙarhi ɗaya yake ba kowa daidai nauyinshi. Munduwa sai ta kashe rabin nata wurin juyi, sauran ta yi tahiya da shi. Rake nauyinshi na tsakiya, kaɗan yake kashewa wurin juyi. Duron Sodangi munduwa ce babba, Hassana."

Na ce, "To mijinki ya hwaɗi ke nan."

"Awo," ta ce. Sai a lokacin na ga idonta ya kawo ruwa.

Da azahar Ilu ya shigo, ya gan ni ya sha jinin jikinsa. Yaya ta hana ni zaginsa. Ta shimfiɗa masa tabarma a gaban ƙyauren ta ce, "Maigida, zauna ka ga wani abu." Ta saki munduwa da lemo. Lemo ya riga. Ilu ya ce ai lemo yana da rai, ɗanye ne. Ta saki munduwa da guntun taɓaryar da shi ya sassaƙa da hannunsa. Taɓarya ta riga. Ya ce ƙyauren a karkace yake. Na ce ai shi ya yi ƙyauren. Ya ce to ni ce nake karkata shi da mugun nufi, dama tun ina yarinya ba na ƙaunarsa. Ya karɓa ya saki da kansa, har yana ɗan tura munduwar da yatsa a ɓoye, muna kallonsa. Duk da haka taɓarya ta kamo ta kafin ƙasa.

Ya daɗe yana kallon ƙyauren. Sannan ya ce kayan mata daban, ƙarfen maza daban.

Da la'asar muka aika aka tambayi Malam Labaran. Ya sa aka maimaita masa rantsuwar kalma bayan kalma, sannan ya aiko da amsa. Ya ce sharaɗin da Ilu ya sa shi ne in aka sake su tare. To muddin ba a sake su ba, aure na nan daram. In aka sake su duron ya makara, ta saku, kuma kada wanda ya zo masa da maganar auren kisan wuta, ba zai ɗaura ba. Ya ƙara da cewa a gaya wa Ilu hanya a buɗe take, ya je gaban mutane ya ce ya fasa.

Sauƙi ke nan ga kowa ban da Ilu. Mutumin da tunda aka haife shi ba a taɓa jin ya ce bai sani ba, shi za a ce ya tsaya a gaban kasuwa ya janye? Sodangi ma bai taimaka ba. Ya aiko da wasan taubasai wai a gaya wa Rahmatu kada ta damu, in idda ta cika shi yana da ɗaki sabon yaɓe. Ilu ya ji wannan, ya ɗauki gizago ya fita, sai da maƙwabta suka riƙe shi a zaure.

Na ce wa Yaya bari in je in roƙi Sodangi ya jefa guntun nan a wutar maƙera, kowa ya huta. Ta ce in na kuskura ba ita ba ni.

"Ba Sodangi na aura ba," ta ce. "Sau biyu ina tahiya Kurfi don ya hi son a ce ya yi gaskiya bisa a ce yana da mata. Wannan karon ya san abin da zai hwaru, ya gani da idonshi. In ya saki duron ga, da saninshi ya sake ni."

Ta faɗi haka ne da ƙarfi, don ta san Ilu na bayan danga yana ji. Ranar kasuwa da safe ta ɗaure kayanta a babban zane, ta share ɗakinta, ta ajiye masa fura a ƙwarya ta rufe da faifai. Muka fita muka zauna a gindin falalen, bakin hanyar da motar Kurfi ke bi. Fuskar Yaya kuwa ba a karanta komai.

Ban taɓa ganin taro irin na ranar a kan abin banza ba. An watse daga kasuwa, mahauta sun bar nama, mutanen Kuki da suka zo sayar da awaki sun jawo su har gindin dutse. Mata sun kwashe shanyarsu. Har wani mai kalangu ya zo, ba wanda ya gayyace shi. Aka kinkimi duro da guntun gungume aka hau da su can sama. Aka zaɓi Yero, wani Bafulatani dillalin shanu da ba ruwansa da kowa, ya gitta doguwar sandarsa a gabansu ya tokare su, in ya ɗaga su gangaro tare.

Daga inda muke muna hango komai. Ilu na tsaye a bayan duron, ya cire hula, sanƙonsa na ƙyalli. Yana duban duron, yana duban ƙasa inda muke. Sodangi na gefensa, kuma na lura dariyarsa ta ragu, sai share zufa yake. Yero ya ɗaga murya ya ce, "To, in ɗaga?" Taro ya amsa da ihu a ɗaga. Yaya ta miƙe, ta ɗora ƙunshinta a ka.

Yero ya fara ɗaga sanda.

Sai muka ga Ilu ya yi tsalle ya faɗa kan duron da ciki, ya rungume shi hannu da ƙafa. Duron ya motsa da shi, ya fara mirginawa, ƙafafun Ilu suka yi sama, wandonsa ya cika da iska. Mata suka sa salati. Sodangi kuwa, wanda ya kwana bakwai yana cika baki, bai san lokacin da ya daka wa guntunsa zama ba, ya danne shi da duwawu yana ihu a tare, a tare. Yero ya jefar da sanda ya cafko Ilu ta ƙafa, wasu suka cafko Yero. Da ƙyar aka tsayar da su, Ilu a ƙasa, duro a kansa, gwiwarsa duk ta kurje.

Daga ƙarƙashin duron muka ji muryarsa.

"Na hwasa! Ban sani ba! Jama'a ku shaida, na ce ban sani ba!"

Wurin ya yi tsit, don ba wanda ya taɓa jin wannan kalmar daga bakin nan. Sannan dariya ta ɓarke. Wani mahauci har da kwanciya a ƙasa. Mai kalangu ya samu abin yi. Aka yi ta kiran sunansa ana maimaita masa ban sani ba, ban sani ba, sunan da ya bi shi har ƙarshen ransa.

Aka ce to a gangaro da kaya a koma kasuwa. Wani ya kai hannu zai mirgino duron, Ilu ya daka masa tsawa. Ya ce ba mai mirgina duron nan a kan dutsen nan, yau ko gobe, ko shi kaɗai ko da rakiya. Malam Labaran da ke wurin ya ce masa ai in shi kaɗai ne ba komai. Ilu ya ce bai yarda ba, Malam ma ai mutum ne, yana iya kuskure. Ko a wannan halin sai da ya yi gardama da liman.

Ya sa aka ɗora masa duron a ka. Ƙarfen ya sha rana tun safe, ga nauyi, ga kai ba gashi ba hula. Haka ya fara saukowa, taku ɗaya bayan ɗaya, a kan dutse mai santsi, gwiwa na jini, wuya na rawa, mutane sun dare masa hanya suna tafi suna yi masa kirarin tsiya. Dattijo mai furfura a gemu, gwanin masassaƙan gari. Na zo da zagi cike da baki, amma da na ga yadda yake lallaɓa ƙafa kada duron ya kuɓuce masa, sai na ji tausayinsa ya kama ni, hawaye suka zubo mini.

Ya iso gabanmu ya tsaya. Ba ya iya ɗaga kai ya dube ta saboda kaya, ƙafafunta kawai yake kallo. Sai ta sauke ƙunshinta a ƙasa, ta kwance shi a gaban duk jama'ar nan, ta zaro zanenta na fita biki, ta murɗe shi ta naɗa gammo.

"Maigida, rusuna," ta ce.

Ya rusuna. Sodangi, da ya biyo shi da guntun gungumen rungume a ƙirji, ya ajiye ya ɗan ɗaga masa duron, ta sa gammon a kan sanƙon da ya riga ya yi ja. Ta gyara masa zama, ta ɗaure sauran kayanta ta mayar a ka. Ana haka motar Kurfi ta tsaya, yaron mota na kiran fasinja.

Yaya ta juyo ta dube ni.

"Hassana, ki gaida mutanen gida," ta ce. "Ni zan bi shi a baya, kar ya yi tuntuɓe."